Ƙarafa Bakwai a Bayan Ƙyauren Baba

Kwana uku na yi a kan tabarma a tsakar gidanmu na Mandawari ina amsa gaisuwar rasuwar Baba, har kalmar haƙuri ta daina shiga kunnena. Kowace mace ta shigo da abin da za ta faɗa a kansa. Gwaggo, ƙanwarsa, ta ce tunda suka taso ba ta taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Na san ba haka ba ne, amma ba a musu a gidan makoki. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta yi ta kuka tana ba da labarin yadda ya ɗauki keken ɗinkinta da damina ta cinye, ya dawo mata da shi bayan mako guda yana ƙyalli. Ƙanena, wanda yake zaune a waje cikin maza, yakan leƙo ya gaya mana waɗanda suka zo: makanikai daga garejin Kabuga, direbobi, masu sayar da tsofaffin kayan mota. Ya ce wani bakanike ya rufe fuska da hula yana cewa, yanzu wa zai riƙa hana mu?

Duk sun faɗi alheri, Allah Ya saka musu. Amma babu wanda ya faɗi abin da ni na fi sani game da shi, kuma ina gudun a manta da shi saboda ba shi da daɗin faɗa a wajen ta'aziyya. Baba matsoraci ne. Ban taɓa ganin mutum mai tsoro irinsa ba. Kare bai dame shi ba, haka nan hukuma ko ciwo. Ƙarfe yake tsoro, kuma da ƙarfe ya ci abinci shekara da shekaru.

Sana'arsa wanke tsatsa. Makanikai su kwance kayan ƙasan tsohuwar mota, faifan birki, sifirin, tayarod da makamantansu, su kawo masa zaurenmu sun yi jawur. Yana da randuna uku a jikin bango. Ta farko ruwan tsamiya ce mai kauri, a ciki yake jiƙa ƙarfe ya kwana biyu ko uku, shi ya sa 'yan unguwa suke tsokanarsa wai shi kaɗai ne mai dama wa mota kunu. In ya tsame sai ya bi da buroshin waya, ya ɗauraye a ta biyu mai ruwan kanwa, ya shanya a rana. Ta ukun kananzir ce, kuma a nan tsoron nasa yake. Zai tsoma ƙarfen da ya riga ya yi fes, ya goge shi tas da tsumma, ya barbaɗe shi da garin alli, ya zauna ya zuba masa ido. In akwai tsaga, ko da ta fi gashi siranta, kananzir ɗin da ya shige cikinta zai dawo ya zana baƙin layi a kan farin allin.

"Tsatsa ba ta ba ni tsoro, Uwata," haka yake ce min, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Abin da ta rufe shi ne."

Ƙarfen da ya fito lafiya sai ya shafa masa mai ya jera shi a hannun dama. Wanda layi ya fito masa sai ya goge allin, ya kai shi bayan ƙyauren zaure. A ido babu bambanci, duk ƙyalli suke, wurin ajiya ne kawai ya raba su. Ba ya rubutawa, ba ya sa alama, a kansa yake riƙe da mai kowane ƙarfe. Ranar Alhamis bayan la'asar yake fito da na bayan ƙyaure ya farfasa su da guduma a kan wani dutse da ke ƙofar gida.

Wannan Alhamis ɗin rigima ce ta haife ta. Da can yana ganin tsaga yake fasawa nan take. Wata rana ya fasa wa wani direban bas, mai lodi daga Kabuga zuwa hanyar Gwarzo, faifan birki. Direban mutum ne ƙato mai amon murya, ya zo ya tarar da kayansa gida uku, ya yi ta zage-zage har aka cika layi. A ranar na ji muryar da Gwaggo ta ce ba ta taɓa ji ba. Maganar ta kai gaban mai unguwa, shi kuma ya yanke cewa kayan mutum nasa ne, ba a fasa shi a bayan idonsa. Baba ya ce ya ji, amma daga yau duk wanda zai kawo masa aiki da sharaɗi zai karɓa: wanda ya tsage ba ya fita daga zauren nan a haɗe, mai shi ya zo ranar Alhamis ya ga layin da idonsa, in bai zo ba har la'asar ta wuce to ya yafe. Direban ya rantse ba zai ƙara taka ƙofarmu ba. Bayan wata biyu ya dawo, don duk Kano bai sami wanda ya iya wanki irin na Baba ba. Haka suka ci gaba, yana kawowa yana gunaguni.

Ban san asalin tsoron ba. Abin da na tsinta kawai shi ne tun yana saurayi ya taɓa wanke wani ƙarfe ya shafa masa fenti ya mayar wa mai shi. Abin da ya biyo baya Gwaggo ta sani, kuma ko yanzu in na tambaye ta sai ta tashi ta nemi buta. Tun daga nan bai ƙara ajiye fenti a zaurensa ba.

Ni kuwa tsoron nan ya sha ba ni haushi. Bayan aurena ya mutu na dawo gida, shekara shida muna tare, ni nake kai masa abinci zaure in na taso daga makarantar da nake koyarwa. Akwai ranar da malamai suka zo ɗauka ta a bas za mu je biki Bichi. Baba ya fito da farar riga, ya ce a dakata, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar mutane, malamai suna leƙe ta taga suna danne dariya. Da na dawo na yi masa rashin kunya, Allah Ya yafe min. Na ce ya mayar da ni abin ba'a, na ce shi da yake sahun gaba a masallaci ai ya san kowa da lokacinsa. Bai yi fushi ba. Ya ci gaba da goge buroshinsa, can ya ce:

"Na sani, Uwata. Kowa zai tafi. Ni dai kada ya biyo ta hannuna."

Ranar Litinin ta ƙarshe na kai masa abinci na tarar da direban nan a tsaye yana faɗa. Faifan birkin ƙafar gaba ya kawo, layi ya fito. Yana cewa ai tsagar ba ta kai tsawon farce ba, a ba shi ya lallaɓa mako biyu. Baba ya ce masa ya dawo Alhamis. Da ya tafi Baba ya dube ni ya ce bakwai suka taru a bayan ƙyaure wannan makon, ya fara lissafa min masu su. Hankalina yana kan takardun jarrabawar da zan duba, na ce masa to, to, na wuce ciki. Talata zazzaɓi ya kwantar da shi. Laraba da safe ya cika.

A wajen jana'iza Baffa, ƙanen Baba, ya yi abin da kowane ɗan'uwa nagari zai yi. Ya miƙe ya ce duk wanda yake da wani abu a hannun mamaci ya zo ya karɓa, kada a bar shi da nauyin kowa. Kuma ana bukatar zauren don shimfiɗa tabarmi. Sai aka kwaso ƙarafan duka, na dama da na bayan ƙyaure, aka zube su wuri ɗaya a ƙofar gida. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa gane nasu suna ɗauka suna yi wa Baba addu'a. Ƙanena ma'aikacin ofis ne, bai taɓa sanin bayan ƙyaure yana da wata ma'ana ba. Ni da na sani ina ciki cikin mata.

Sai ranar Juma'a da yamma, bayan an yi addu'ar uku mutane sun ragu, na fito zauren. An share shi ƙal. Na ja ƙyauren na leƙa, babu komai sai tsintsiya da shaidar mai a ƙasa. Na tambayi ƙanena ina ƙarafan nan, ya amsa min da fara'arsa cewa alhamdu lillahi kowa ya karɓi nasa tun jiya, ko ɗaya bai rage ba.

Na zauna a dandaryar ƙasa. Tsoro ne ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ƙarafa bakwai masu tsaga, wankakku, masu ƙyalli, sun fita daga zauren Baba, kuma duk wanda ya gan su zai ce ai daga hannun tsohon nan suka fito, a ɗaura kawai. Sunansa ma shi zai sa kada kowa ya duba. Kwana biyu ke nan. A lokacin ina jin ƙarar motoci daga bakin titi, kowace ta taka birki sai in tuna ƙarafan nan bakwai.

Na sami Baffa na gaya masa. Ya ce in rufa wa mahaifina asiri. Wai so nake a shiga gari ana cewa mamaci ya raba wa mutane ruɓaɓɓen kaya, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Ya ce makanikai ba yara ba ne, in akwai matsala za su gani. Na ce ba za su gani ba, shi kansa Baba sai da alli yake gani. Ya ce ke mace me kika sani a ƙarfe. Ni dama ba a taɓa yabona da sanyin baki ba.

"Baffa, kai ka ce kada a bar shi da nauyin kowa," na ce masa. "To bas guda ta mutane ka ɗora masa. In ba za ka faɗa ba, ni zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗa."

Ina jin a ranar ya tuna abin da Gwaggo take ɓoyewa, don fuskarsa ta canza. Ya sa takalmi ya tafi wajen liman. Bayan sallar magariba aka yi sanarwa: duk wanda ya ɗauki ƙarfe daga ƙofar gidan marigayi ya dawo da shi, ko ya riga ya ɗaura, a sake dubawa. Ƙanena ya ɗauki 'yar wayar Baba ya bi lambobin ciki ɗaya bayan ɗaya.

Asabar da safe suka fara zuwa. Matsalar ita ce babu wanda ya san waɗanne ne bakwan, ni da aka lissafa wa ban saurara ba. Dole a gwada duka. Suka tsaya suna kallon juna, kowa ya san Baba yana wani abu da alli amma babu wanda ya taɓa zama ya ga yadda ake yi, kawowa suke su dawo su karɓa. Ni ce na gani, sau ɗari, da kwanon abinci a hannu. Na ɗaure mayafina a ƙugu na zauna a kan kujerarsa. Na tsoma, na goge, na barbaɗa, na jira. Na farko fari tas. Na biyu ma haka. A na biyar baƙin layi ya taso a hankali kamar an ja zare, wani bakanike ya yi salati, ya ce wannan jiya ya ɗaura shi a motar da take kai yara makaranta, da asuba ya kwance. Na goge allin na kai shi bayan ƙyaure, daidai yadda Baba yake yi.

Zuwa yammacin Lahadi mun gwada duk abin da ya dawo. Shida suka nuna layi. Na sa ƙanena ya farfasa su a kan dutsen, ban jira wata Alhamis ba. Saura ɗaya, kuma shi kaɗai ne na san mai shi.

Direban bai zo ba. Wayarsa a kashe. Ƙanena ya je tashar Kabuga aka ce ai tun Asabar ya gama gyara, an ga motarsa a layi, wani ya ce ya yi lodi, wani ya ce bai gan shi ba. Aka kwatanta gidansa a wajen Madabo, aka je, iyalinsa suka ce ya fita tun safe bai faɗi inda za shi ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sauran shidan ba su san abin da suka ɗauka ba. Shi ya sani. A gabana aka nuna masa layin.

Litinin ban iya cin komai ba. Duk wanda ya yi sallama a ƙofa sai in ɗauka labarin ne ya iso. Na hana a kunna rediyo, can kuma na kunna da kaina ina sauraron labarai da hannu a ƙirji. Ina ta ƙirga kujerun bas a raina, ina cika su da mutane: mata masu goyo, tsoho da buhun gero, ɗalibai. Gwaggo ta ce in yi tawakkali, kowa da lokacinsa. Maganata ce ta dawo min.

Talata, ranar addu'ar bakwai, da hantsi, ƙanena ya shigo ya ce ana sallama da ni a zaure. Na fita na tarar da direban a tsugune, ƙaton mutumin nan ya zama ƙarami, ga wani abu a gabansa nannaɗe cikin buhu. Bai ɗago kai ba. Ya ce ya ɗauka ranar Laraba yana sane, har yana ce wa kansa Allah ne Ya ba shi kayansa. Ya ɗaura ranar Asabar. Lahadi ya yi lodi mota ta cika, ya tayar, ya fito bakin titi. Bai yi nisa ba wani mai babur ya gitta masa, ya taka birki, motar ta tsaya lafiya lau. Amma da ya zo ɗaga ƙafarsa sai ta ƙi. Ya ce ƙafar ce take rawa a kan birkin, gumi yana zuba masa, ana ta yi masa oda a baya. Ya sauke fasinjoji suna zaginsa, ya tura motar gefen hanya. Kwana biyu yana zagaye unguwarmu, kunya ta hana shi shigowa.

"Malama, shekara nawa ina ce masa matsoraci," in ji shi. "Ashe zuba min tsoron yake yi ban sani ba. Ga shi, ki fasa. Ni ba zan iya ba."

Na ce sai an gwada tukuna, don haka Baba yake yi, ba ya fasa kayan mutum sai ya gani da idonsa. Na tsoma, na goge, na barbaɗa. Ba mu jira ba ma. Layin da bai kai tsawon farce ba waccan Litinin ɗin ya tashi daga tsakiyar faifan ya kusa kaiwa baki, daga ɗan abin da ya yi tsakanin tasha da titi. Direban ya kalla, ya kau da kai.

Muka fito ƙofar gida, maza masu zaman makoki suka juyo suna kallo, Baffa yana cikinsu. Na ɗora faifan a kan dutse. Gudumar Baba ta yi min nauyi, da hannu biyu na ɗaga ta, ban ma kai ta sama ba, kusan sakinta na yi. Bugu ɗaya, na mace mai kwana biyu ba ta ci abinci ba, faifan ya rabe gida biyu. Direban ya zauna a ƙasa ya rufe fuska, Baffa kuma ya tashi ya tsince ɓangarorin biyu da hannunsa.

Yanzu zauren a rufe yake, randunan sun bushe, ban san wanda zai gaji aikin ba. Tsoron dai ya sami magada. Ba na shiga mota ban saurari ƙarar ƙafafunta ba, malamai sun fara yi min irin dariyar da suka yi masa, ni kuma ko a jikina. Abin da ya rage yana cina shi ne ranar da na ce masa ya mayar da ni abin ba'a, da ranar da yake lissafa min sunaye na ce masa to, to.

Baba, bakwan sun cika, an fasa su duka, bai biyo ta hannunka ba. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka abin da Gwaggo ta sani da wanda babu wanda ya sani. Ya sa tsoron da ka ji a duniya saboda bayinSa ya isar maka, kada ka ƙara jin wani a inda kake kwance.